Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Yaushe Ya Wajaba A Sauke Injin Mota?

A makon nan za mu jingine batun siyasa da na jami'o'i, mu leƙa gareji, domin akwai wata jumla da ake furtawa a can kullum wadda kan iya raba magidanci da jarinsa cikin mako guda. Jumlar ita ce: "Alhaji, sai an sauke injin." Duk wanda mota ta taɓa tsufa a hannunsa ya san yadda gaba ke faɗuwa idan an ji ta. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: idan kulocin mota ya cinye, kamshaf kuma ya nuna alamar gajiya, shin wajibi ne a ciro injin ɗungurungum, ko kuwa ana iya yin ayyukan biyu yana zaune a mazauninsa?

Wani zai ce wannan zance ne na makanikai, ina ruwan shafin ra'ayi da shi. To ya je tashar motar Babura da sassafe ya ga amsa. A Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa, motar haya gona ce ta biyu ga gidaje masu yawa. Ita ke bin hanyar Kanya da Kunya zuwa Kano, ita ke nausawa arewa zuwa Babban Mutum a bakin iyakar Nijar, ita ke kai riɗi da zoɓo da gero da dabbobi kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi da ta Maigatari ranar Alhamis. Idan ta yi kwana goma a gareji, tukunyar direba ta tsaya, haka ta yaron mota, da ta mai motar da ke jiran balas, da ta ɗan kamasho. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, da kuma sakin darajar Naira a watan da ya biyo baya, lissafin ya ƙara tsananta. Dalar da gwamnati ke sayarwa a kan kusan Naira 460 ta haura Naira 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024, kuma kusan duk wani kayan gyara da ke kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da kuɗin waje aka shigo da shi. Saboda haka kuskure ɗaya a gareji ya daina zama abin da ake shanyewa.

Mu fara da sanin inda kowanne yake, domin kuloci da kamshaf ba maƙwabta ba ne. Kuloci yana bayan injin, a tsakaninsa da giyabos. Faifai ne mai shafe irin na takalmin birki, wanda wani murfi mai sifirin ke matse shi a jikin fulayiwil, wato ƙaton faifan ƙarfen da ke ɗaure a ƙarshen karanshaf. Idan direba ya taka, wani boris ya tura sifirin ɗin, matsin ya saki, injin ya rabu da giya. Babu yadda za a kai ga wannan faifai sai an raba injin da giyabos. Amma rabuwar tana da hanya biyu: ko a janye injin a bar giyabos, ko a janye giyabos a bar injin. A mafi yawan motocin da ke kan hanyoyinmu a yau, ta biyun ce hanyar. A Hiace da Hilux, waɗanda injinsu ke miƙe yana juya tayoyin baya, furofela ake kwancewa, a sauke giyabos ta ƙasa. A Golf da Corolla da Peugeot 406 da Sharan, wadda muke kira Sharon, injin a gicciye yake, sai a cire shaf biyu na tayoyin gaba, a rataye injin da sandar ƙarfe daga sama, a zare giyabos ta gefe.

Shi kuwa kamshaf sanda ce ta ƙarfe mai tozo a jere, kowane tozo yana danna bawul ya buɗe a lokacinsa, domin iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Yakan juya sau ɗaya a duk juyi biyu na karanshaf, kuma bel ko sarƙa ce ke haɗa tafiyarsu. A mafi yawan motocin da na ambata, kamshaf a saman injin yake, ƙarƙashin murfin da ake zuba baƙin mai. Aikinsa shi ne a cire murfin, a daidaita alamomin tayimin, a sassauta bel ko sarƙar, a kwance maɗauransa bi da bi kamar yadda kamfani ya tsara, a ɗaga shi. Ke nan ɗaya yana baya ta ƙasa, ɗaya yana bisa. Don sun lalace a wata guda, hakan bai mayar da su aiki ɗaya ba, kuma babu ɗaya daga cikinsu da shi kaɗai ke tilasta a ciro injin.

To daga ina al'adar saukewa ta samo asali? Tana da tarihi, kuma tarihin yana da hujja. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, a shekarar kuma kamfanin Volkswagen ya fara fitar da Beetle daga Legas. Waɗannan motoci biyu su suka yaye iyayen gidan makanikanmu na yau. A Beetle, injin yana baya, 'yan notina kaɗan ke riƙe da shi a jikin giya, kuma ba a canza kuloci sai an sauke shi. A Peugeot 504, furofela tana cikin wani bututun ƙarfe da ya ɗaure giyabos da gatarin baya, don haka janye giyabos yana da ɗawainiya, kuma makanikai da dama sun fi samun sauƙi su ciro injin ta sama. Bugu da ƙari, kamshaf ɗin 504 a cikin gangar jikin injin yake, ta gaba ake zare shi, bayan an kawar da lagireto da abubuwa masu yawa. Wanda zai canza kuloci da kamshaf a 504 ya ce a sauke injin, ya yi magana ta mai ilimi.

Matsalar ita ce motocin sun canza, hukuncin bai canza ba. Koyon sana'a ta ido da hannu, daga maigida zuwa yaro, yana gadar da hikima mai yawa, yana kuma gadar da al'adar da dalilinta ya riga ya shuɗe. Yaro ya ga abin da maigidansa ya yi, ba a faɗa masa dalili ba, shi ma ya buɗe garejinsa ya ci gaba da yin haka a kan motar da aka ƙera bisa wani tsari dabam.

Sauke injin kuwa tiyata ce, kuma kowace tiyata tana da nata haɗarin. An ƙera Golf 3 tsakanin 1991 da ƙarshen shekarun 1990, wato ƙaramarsu ta haura shekara 25. Wayoyinta sun bushe, robobin soket sun yi ƙamas, tiyon ruwa ya sandare, notinan salansa sun yi tsatsa. Duk wanda aka taɓa yana iya karyewa, kuma ciro injin yana nufin a taɓa su duka. Nan ne ake samun motar da ta shiga gareji da ciwo ɗaya ta fito da uku: tana zafi, tana shan mai, wata fitila tana ci a gaban direba ba wanda ya san dalili.

Sai kuma rairayi, wanda mutumin Babura ya fi kowa saninsa. Tazarar da ke tsakanin karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a kai takan kasance tsakanin milimita 0.02 da 0.06, wato ba ta kai kaurin silin gashi ba. A cikin wannan 'yar tazara baƙin mai ke shiga ya hana ƙarfe gugar ƙarfe. Ƙwayar rairayi mafi ƙanƙanta ta kai wannan tazara ko ta zarce ta. Idan aka wargaza injin a kan buhu, a ƙasa, a tsakiyar hunturu, ya kwana huɗu a buɗe ana jiran kaya daga Kano, ƙurar da ta sauka a cikinsa ta isa ta fara kankare shi tun daga tashin farko. Mai mota zai ɗauka ya sayi sabon rai, alhali ya rage wa injinsa kwana.

Akwai kuma wata jumla da ke biyo bayan ta farko, ita ce: "Tunda an riga an sauke." Tunda an riga an sauke, a canza ringi. Tunda an riga an sauke, a canza metal, a canza gasket. Haka aikin kwana biyu ke rikiɗewa ya zama garambawul, a fitar da kayan da injin ya zo da su daga kamfani, waɗanda sau da yawa suna da sauran ƙarfi, a sa waɗanda ba a san asalinsu ba. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Kada mai karatu ya fahimci cewa ina nufin ba a sauke injin ko kaɗan. Akwai lokacin da ƙin saukewa shi ne asarar, kuma kamshaf ne ke nuna wannan lokaci. Kuloci kamar takalmi yake, an yi shi ne don ya cinye. Lodi fiye da ƙima, da ɗora ƙafa a kansa ana tafe, da kokawa da rairayi a rabin kuloci, da hawa da gangara a ƙasar duwatsu irin ta Roni da Kazaure, duk suna gaggauta ƙarewarsa, amma ƙarewar ba ta nuna injin yana ciwo. Kamshaf ba haka yake ba. An ƙera shi ne ya rayu tsawon rayuwar injin. Idan tozonsa ya zaizaye, to ruwa ba ya tsami banza. Galibi baƙin mai ne bai isa saman ba, ko ya isa da datti: an sha zuba jabu, ko an bar shi ya wuce lokacin juye, ko rariyar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta ta toshe, ko famfon ya gaji. Sannan mu tambayi kanmu, ƙarfen da ya zaizaye ɗin ina ya tafi? Ya bi mai ya zagaya. Abin da filta ba ta kama ba ya isa ga karanshaf da metal. Wanda ya ɗora sabon kamshaf a kan injin da ke fama da yunwar mai, ba da jimawa ba zai sake sayen wani.

Saboda haka hukuncin saukewa ko bari yana hannun awo, kuma awon uku ne, dukansu ana yin su injin yana mazauninsa. Na farko, a cire na'urar da ke kunna fitilar mai, a ɗaura ma'aunin matsin mai a gurbinta, a karanta bayan injin ya yi zafi, yana silo da kuma an ɗan ba shi wuta, a kwatanta da abin da kamfanin motar ya ƙayyade. Na biyu, a cire fulogi a auna matsin kowace silinda, a ga ko suna kusa da juna ko wata ta faɗi. Na uku, a kwance kaskon mai na ƙasa, a duba rariyar, a yanka tsohuwar filta a buɗe ta a rana, a ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli. Idan matsin mai ya yi daidai, silinda suna tafiya tare, kasko yana da tsabta, to a bar injin inda yake, a yi ayyukan biyu daban-daban. Idan kuwa matsin ya faɗi, ko an ga ɓurɓushi, ko ana jin bugu daga ƙasan injin, to a sauke shi ba tare da jayayya ba, a kai karanshaf wurin masu injin gogewa, wanda galibi sai an dangana da Kano, a wanke duk hanyoyin mai. A wannan hali sai a canza kulocin ma, tunda ga shi a fili babu ƙarin wahala. Lalacewar cikin injin dalili ce ta canza kuloci a tafiya ɗaya. Cinyewar kuloci kuwa ba ta zama dalilin wargaza injin.

Inda ya dace a kashe kuɗi shi ne a kan abubuwan da ke tafiya tare da kowane aiki. Idan giyabos ya sauka, a canza faifai da murfi da boris gaba ɗaya, a duba fuskar fulayiwil ko ta ƙone ko ta tsattsage, a sabunta robar da ke tare mai a bayan karanshaf, domin idan ta yi yoyo za ta jiƙa sabon faifan, sai an sake sauke giyabos saboda 'yar roba. Idan an ɗaga kamshaf, a canza 'yan ƙarafan da tozonsa ke dannawa, da bel da abin da ke ɗame shi, da mai da filta. Bel ɗin ba abin wasa ba ne: a injina da yawa, idan ya tsinke ko aka ɗora shi a karkace, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi. A nan ne araha ba ta ado.

Adalci ne kuma mu dubi al'amarin ta idon makanike. Mafi yawan garejinmu inuwar darbejiya ce da akwatin sifana. Babu rami, babu na'urar ɗaga mota, babu jak ɗin tallafar giyabos. Sauke giyabos ɗin Hiace a irin wannan wuri yana nufin mutum ya kwanta a ƙasa, mota tana kan duwatsu ko kututture, ya tarbi ƙarfe mai nauyi da ƙirjinsa. Rataya sarƙa a reshe a ciro injin ta sama, a motar da tsarinta ya yarda da haka, ya fi masa kwanciyar hankali. Ba zan zargi wanda ke tsoron mota ta danne shi ba.

Dalili na biyu ya fi shafarmu mu masu motoci. Gumi muke biya, ba mu saba biyan sani ba. Idan makanike ya ɓata awa guda yana awo, ya ce injinka lafiya lau, kuloci kawai za a canza, sai mu ce ai bai yi komai ba, mu miƙa masa na goro. Idan kuwa muka ga injin a ƙasa, yara uku sun yi baƙi ƙirin da mai, sai mu yarda an yi aiki, mu biya ba musu. Da hannunmu muka koya masa cewa gaskiya ba ta kawo kuɗi. Duk wanda ke son a daina sauke masa injin ba dalili, ya ware kuɗin bincike daban, ya biya da daɗin rai ko da sakamakon ya zama babu abin da za a kwance.

Kafin ka amince da hukunci, ka tambayi makanikenka cikin girmamawa: Malam, me ka auna, kuma me ya nuna? Me ya cinye kamshaf ɗin? Wane ɓangare ne na aikin ba zai yiwu ba sai injin ya fito? A ina za a buɗe shi, da me za a rufe shi idan dare ya yi? Sannan ku yi yarjejeniya cewa duk abin da aka cire za a damƙa maka shi. Makanike mai amana ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, yakan ma ji daɗin ya samu wanda zai yi wa bayani. Wanda ya ce kai dai ka bar masa, ba fanninka ba ne, to ka nemi ra'ayi na biyu.

Sauran magana tana kanmu, mu malaman manyan makarantu. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. A Kazaure ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda ta daɗe tana yaye ɗalibai. Yanki ɗaya da cibiyoyin fasaha biyu na tarayya bai kamata direbansa ya rasa inda za a auna masa matsin baƙin mai ba. Akwai abin koyi a Kaduna, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta can, a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar Panteka, ana tantance ƙwarewarsu ana ba su takardar shaida. Hukumar NBTE, wadda ke kula da ilimin fasaha a ƙasar nan, tana da tsarin da ya yarda da ƙwarewar da aka samu a wajen aji. Babu abin da zai hana a yi irin wannan da makanikan Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa ta hannun ƙungiyarsu ta NATA.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba: rumfa mai daɓen siminti da ƙofa, rami ɗaya, jak ɗin giyabos, ma'aunin matsin mai, ma'aunin matsin silinda, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a riƙa amfani da su ta hanyar karɓa-karɓa a biya ɗan abin kula da su. Sai gajerun kwasa-kwasai da Hausa, da yamma, bayan an tashi daga aiki. Ɗalibanmu na injiniyanci kuma, maimakon kundin kammala karatu da zai ƙare a kan kanta yana shan ƙura, wani ya zauna ya tattara alƙaluman awo na injina biyar da suka fi yawa a tashoshin yankin, ya rubuta su da Hausa a takarda ɗaya da za a liƙa a bangon gareji. Shi ma zai ƙaru, domin dattijon da ya shekara talatin yana sauraron kukan injin ya san abubuwan da babu su a littattafanmu.

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A gareji ma haka ne. Injin da awo ya nuna yana da ciwo a ciki, a sauke shi, a yi masa aiki a wuri mai tsabta, a yi sau ɗaya. Wanda awo ya wanke, a bar shi a mazauninsa, a sauke giyabos, a buɗe murfin sama, mota ta koma kan hanya kafin kasuwa ta gaba.